GONAR DA RUWA YA BARI: ABIN DA TSOHUWAR TASWIRA KE FAƊA MANA



Yau za mu yi magana a kan wata takarda. Takardar nan ba ta da dogon rubutu. Zane ne ya cika ta. Sunanta taswira. Kuma ba sabuwa za mu duba ba, tsohuwa za mu duba.

Ga dalili. A ƙasarmu akwai gonaki da yawa inda a da ruwa ne ke kwance. Fari ya zo, ruwa ya janye. Mutane suka shiga, suka sassabe, suka shuka. Wasu har gidaje suka gina. Shekaru suka wuce. Yara suka girma, ba su taɓa ganin ruwa a wurin ba.

To, ga shi damina mai ƙarfi tana komowa. A shekarar 2024 ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyon 1 a Nijar. Fiye da mutum 300 suka rasu. Ran 3 ga Satumba na shekarar nan tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi saboda ruwa. Wannan ya isa ya sa kowa ya tambayi kansa: gonata a kan tudu take, ko a kan hanyar ruwa? Tsohuwar taswira tana iya taimaka mana wajen ba da amsa. Da tsohuwar zuma ake magani.

MENE NE TASWIRA?

Ka ɗauka kai shirwa ce, kana can sama kana duban ƙasa. Kana ganin gari kamar ɗigo. Kana ganin hanya kamar zare. Kana ganin tabki kamar ƙwarya cike da ruwa. In ka zana abin da ka gani a bisa takarda, ka yi taswira.

Taswira iri-iri ce. Akwai wadda ke nuna ƙasashe da iyakokinsu, irin wadda ake rataya wa a bangon lakkol. Akwai kuma wadda ke nuna siffar ƙasa kanta: tudu, kwari, dutsi, gulbi, tabki, rijiya, fadama, hanya da ƙauye. Wannan ta biyu ita ce tamu ta yau. Sai mu kira ta taswirar tudu da kwari.

YADDA AKE KARANTA TA

Wanda ya iya karanta jaridar nan zai iya karanta taswira. Abu 5 za a riƙe.

Na farko. Saman takarda shi ne arewa. Ƙasanta kudu. Hannun dama gabas, hannun hagu yamma. Kafin ka soma karatu, ka shimfiɗa takardar a ƙasa, ka juya samanta ya dubi arewa.

Na biyu. A gindin takarda akwai lamba, misali 1/200.000. Ma'anarta ita ce an rage ƙasa sau dubu 200. Santimita 1 a takarda daidai yake da kilomita 2 a ƙasa. In ka auna tsakanin ƙauye biyu ka samu santimita 5, to tafiyar kilomita 10 ce. In lambar 1/50.000 ce, santimita 1 daidai yake da mita 500. Wannan ta fi nuna abu dalla-dalla.

Na uku. Kowane launi da aikinsa. Shuɗi na ruwa ne. Zare shuɗi wanda bai yanke ba, gulbi ne mai ruwa kullum. Zare shuɗi mai yanke-yanke, gulbi ne mai gudu da damina kaɗai. Tsanwa na itatuwa ne. Baƙi na gidaje ne da ƙananan hanyoyi.

Na huɗu. Akwai waɗansu zaruruwa masu launin ƙasa, masu lanƙwasa. Su ne ke nuna tudu da kwari. Ga yadda za a gane su. Kowa ya san tabki da kaka. Ruwa yana janyewa sannu sannu. Duk inda ya tsaya kwana biyu, yana barin zobe a bisa laka. Ko'ina a kan zoben nan tsayin ƙasa ɗaya ne. To, zaren taswira haka yake. Ko'ina a kan zare ɗaya, tsayin ƙasa ɗaya ne. In zaruruwa sun matsu da juna, gangara ce mai tsanani. In sun yi nesa da juna, fili ne shimfiɗaɗɗe. Ruwa kuwa kullum daga babbar lamba yake gangarawa zuwa ƙarama.

Na biyar. Sunayen da ke ciki da rubutun Faransi aka rubuta su. Kada wannan ya ruɗe ku. Inda kuka ga ou, ku karanta u. Zermou shi ne Zermu. Inda kuka ga gui, ku karanta gi. Guidimouni shi ne Gidimuni. Inda kuka ga tch, ku karanta c. Kantché shi ne Kance.

SU WA SUKA ZANA ƘASARMU?

Tun kafin Turawa, kakanninmu sun san ƙasarsu. Madugai sun san kowace rijiya daga Damagaram zuwa Kano, daga Damagaram zuwa Agadas. Amma saninsu a ka yake. Ba a takarda yake ba.

Wani Bajamushe, sunansa Barth, wanda ya laƙaba wa kansa Abdul Karim, ya taso daga Kukawa ta ƙasar Barno. Ya biyo ta Gure da Mirya. Ya shigo Damagaram ran 25 ga Disamba 1852, ya tashi ran 30 ga Janairu 1853. Kayan aikinsa agogo ne, da wani ɗan ƙarfe mai allura wadda kullum take nuna arewa. Yana tafiya yana rubuta awa nawa ya yi, wace kusurwa ya nufa, me ya gani. Daga rubutun nan aka zana taswira a Turai. Amma hanyar da ya bi kaɗai ya gani da idonsa. Sauran, tambaya ya yi aka faɗa masa.

Faransi suka ci Damagaram a 1899. Daga nan suka ci gaba da rabon iyaka da Ingilishi. Daga 1906 zuwa 1908 wani hafsan Faransi, sunansa Tilho, tare da wani hafsan Ingilishi, suka bi iyaka tun daga kogin Kwara har tabkin Cadi. Suka kafa alamun iyaka 148. Tilho da mutanensa sun auna ƙasa sosai, sun zana tabkin Cadi yadda suka same shi.

Babban aiki ya zo cikin shekarun 1950. Jirgin sama ya riƙa kai da komowa a bisa ƙasarmu yana ɗaukar hoto. Ma'aikatar taswira ta Faransa, wadda ake kira IGN, ta haɗa hotunan nan ta fid da taswirori na 1/200.000. Kowace takarda tana ɗauke da ƙasa wajen kilomita 110 a tsaye. A 1975 an sake ɗaukar hoton kudancin Nijar daga sama. Daga baya Nijar ta kafa ma'aikatar taswira tata ta kanta, IGNN, a Yamai. Yau kuma tauraron ɗan Adam ne ke ɗaukar hoto, har ana ganinsa a cikin wayar hannu.

Ku lura da abu guda. Shekarun 1950 shekarun ruwa ne. Damina tana cika, tabkuna suna kwana da ruwa. Saboda haka taswirar lokacin nan tana nuna mana inda ruwa ke zuwa in ya yi yawa. Hoton 1975 kuwa bayan farin 1973 aka ɗauke shi. Shi yana nuna inda ruwa ya bari. In aka ajiye su biyu kusa da juna, sai a ga gonakin da aka ci a wurin ruwa.

BAKIN GULBI

Gulbi ba ruwa kaɗai yake ɗaukowa ba. Yana ɗauko laka, da rairayi, da ruɓaɓɓen ganye, da kashin dabbobi. Muddin yana gudu da ƙarfi, yana riƙe da kayansa. In ya iso fili, ko tabki, ko teku, sai ƙarfinsa ya ragu. Sai ya sauke kaya. Rairayi shi ke fara zama, don ya fi nauyi. Laka tana wucewa gaba kaɗan, sa'an nan ta kwanta.

Kayan da gulbi ya sauke su ne ke toshe masa hanya. Sai ya rabu kashi-kashi kamar yatsun hannu. Bana ya bi nan, baɗi ya bi can. Wurin nan shi muke kira bakin gulbi. Masu ilmin ƙasa suna ce masa dalta.

Ƙasar bakin gulbi tana da albarka ƙwarai. Taki yana zuwa da kansa. Ruwa yana kusa, rijiya ba ta nisa. Shi ya sa ko'ina a duniya mutane ke tare ruwa, su janye shi, su yi gona a wurin. Amma ƙasar nan tana da haɗari uku: ambaliya, gishiri ko kanwa, da rikicin iyaka. Ga misalai.

TABKIN CADI: RUWA MAI TAFIYA DA KOMOWA

Da yawa daga cikinmu suna da ɗan'uwa wanda ya taɓa zuwa cin rani a bakin Cadi, ko su, ko noma. Manyan gulabe biyu ke shiga tabkin. Shari yana zuwa daga kudu, shi ke kawo wajen kashi 9 cikin 10 na ruwan gulaben da ke shiga. Komadugu Yobe yana zuwa daga yamma. Ruwansa daga ƙasar Kano da tsaunukan Jos yake tasowa. Yana bi ta Difa, ya shiga tabki kusa da Boso.

Tilho ya tarar da gefen arewa na tabkin ya ƙafe da yawa wajen 1908. Haka ya zana shi. Bayan shekaru ruwa ya komo. A 1963 faɗin tabkin ya kai wajen murabba'in kilomita dubu 25. Sai fari ya zo. A 1973 tabki ya rabu biyu. Gefen arewa, wanda yake wajen Nijar, ya ƙafe. Mutanen Ngigmi, waɗanda a da ruwa ke kusa da garinsu, suka wayi gari ruwa ya yi musu nisa ƙwarai. Bayan farin 1984 ruwan fili da ya rage bai kai kashi 1 cikin 10 na 1963 ba.

An kuma gina madatsun ruwa a ƙasar Kano: Tiga a 1974, Calawa a 1992. Su ma sun canza yadda ruwa ke isowa Komadugu.

Da ruwa ya janye, sai ga baƙar ƙasa mai taki. Barebari, Buduma, Hausawa, Fulani da Larabawa suka shiga. Suka shuka masara da wake ba tare da ban ruwa ba, don laimar ƙasa ta isa. Makiyaya suka samu ciyawa. Sababbin ƙauyuka suka tsiro a inda jirgin ruwa ke wucewa a da. Daga 2015 rashin zaman lafiya ya kori mutane da yawa daga wuraren nan. Ruwa kuma ya ƙaru a shekarun baya, ya ci gonaki a 2022 da 2024.

Wanda ya dubi taswirar Tilho da ta shekarun 1950 da hoton 1975 zai gane abu guda. Tabkin nan tafiya yake yana komowa. Gonar da ke cikinsa aro ce.

DARAK: RANAR DA TSOHUWAR TAKARDA TA YI MAGANA

Da tabki ya janye, masunta da manoma daga Najeriya suka bi ruwa. Suna bi suna kafa ƙauyuka. Ba su ga wata alamar iyaka ba, don a da wurin ruwa ne. Babban ƙauyensu shi ne Darak. Najeriya ta kai musu hukuma. Kamaru ta ce ƙasarta ce.

Magana ta kai babbar kotun duniya da ke ƙasar Holan. Alƙalai suka ɗauko takardun da Ingilishi da Faransi suka sa wa hannu a 1919 da 1931, tare da taswirorinsu. Takardun sun ce iyaka ta bi ta bakin wani gulbi, sunansa Ebeji. Amma bakin gulbin ya canza tun daga lokacin. Sai da aka koma ga tsohuwar taswira aka nemi inda bakin yake a da.

Ran 10 ga Oktoba 2002 kotu ta yanke hukunci. Ta ce Darak ta Kamaru ce. A watan Disamba 2003 Najeriya ta janye hukumarta daga ƙauyuka wajen 30. Mutanen da suka yi shekaru suna noma a wurin suka wayi gari a cikin wata ƙasa.

Ku duba. Ruwa ya tafi, gulbi ya canza hanya, amma takarda ba ta mance ba.

MASU TARE RUWA: BOL, MARKALA DA HOLAN

A Bol, gefen tabki na ƙasar Cadi, akwai tuddan rairayi, ruwa yana shiga tsakaninsu kamar yatsu. Tun da daɗewa mutanen wurin suke tare bakin yatsa ɗaya da rairayi da itace. Ruwan da ke ciki ya ƙafe, sai su shuka alkama da masara. Suna iya girbi har sau uku a shekara. In gishiri ya taso, sai su fasa matarin, ruwa ya shiga ya wanke ƙasa, daga baya su sake tarewa. A 1967 gomnatin Cadi ta kafa ma'aikatar SODELAC don kula da aikin nan.

A Mali, masu awon ƙasa na Faransi sun gano tsofaffin hanyoyin kogin Kwara waɗanda suka bushe tun zamanin da. Awon tudu da kwari ya nuna musu cewa in an ɗaga ruwan kogi kaɗan, zai sake bin hanyoyin nan da kansa. A 1932 suka kafa ma'aikatar da ake kira Ofis du Nijar. A 1947 aka gama madatsar Markala. Aikin nan da aikin tilas aka yi shi, talakawa sun sha wuya ƙwarai. An yi niyyar noma hekta kusan miliyon 1. Abin da aka samu bai wuce wajen kashi 1 cikin 10 ba. Duk da haka, wurin ya zama rumbun shinkafar Mali.

A Turai akwai ƙasar Holan. Tana bakin manyan koguna, inda suke shiga teku. Wajen kashi 1 cikin 4 na ƙasar yana ƙasa da tsayin ruwan teku. Ganuwa ce ke tare ruwa, injuna suna fid da wanda ya shigo. Manoman wurin sun daɗe da kafa ƙungiyoyi, kowa yana ba da rabonsa na gyaran ganuwa. A daren 31 ga Janairu 1953 iska ta taso, teku ta fasa ganuwa. Mutum fiye da 1800 suka mutu. Har yau masu gyaran ganuwa a can suna duba tsofaffin taswirori. Suna neman inda tsohon gulbi ya bi ta ƙarƙashin ganuwa. A nan rairayi yake, a nan ruwa ke sulalewa, a nan ganuwa ta fi saurin fashewa.

Mu ma a Nijar mun ga irin wannan. A 2020 kogin Kwara ya fasa ganuwa a Yamai, ya ci gonakin shinkafa da unguwanni. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

MU KOMO GIDA

Wani zai ce: mu a Zermu ba mu da teku, ba mu da kogi, ina ruwanmu? To, a saurara.

Gulbin Zermu yana cikin taswira. Da damina yake gudu, yana gangarawa kudu ya nufi kwarin Ƙorama. Kwarin Ƙorama kuwa yana cikin ƙasar da ruwanta ke gangarawa wajen tabkin Cadi. Garkunan Mirya, raken Kance da Magarya, dabinon Gidimuni, duk albarkar kwari da fadama ce. Cikin shekarun 2000 an gina madatsun ruwa a Kasama da Tumbala don noman rani.

Kowane ɗan gulbi da ke gangarowa daga dutsi yana da nasa ɗan baki. Inda ya shiga fadama ko tabki, yana baza rairayi da laka kamar mafici. Abin da ke faruwa a bakin Komadugu shi ke faruwa a nan, sai dai ƙarami ne.

Bayan farin 1973 da na 1984 tabkuna da yawa sun ƙafe. Mutane sun ƙaru, gona ta yi kaɗan. Aka shiga fadama, aka shiga cikin tabki, aka matse burtali. Aka sare itacen bakin gulbi. Ƙasa ta zama fako, ruwa ba ya shiga cikinta. Saboda haka ruwan da bai kai na da ba yana iya yin gudu fiye da na da. Yana yanka gona, yana zuba rairayi a bisa laka mai kyau.

Ga misali. A ce mutum biyu suna da gona, gulbi ne iyakarsu tun kakanni. Wata damina gulbi ya yanke ta cikin gonar ɗaya, ya bar tsohuwar hanyarsa. Na gabas ya ce: iyaka gulbi ce, ga gulbi nan. Na yamma ya ce: iyaka tsohuwar hanya ce. Dattawan da suka san wurin sun rasu. Wa zai raba su? In akwai tsohon hoto na sama, ko zanen da aka yi tun ana zaman lafiya, magana ta yi sauƙi.

Tsofaffin hotuna ba mugun labari kaɗai suke ba mu ba. Masu bincike sun gwada hoton 1975 da na wajen 2005 a ƙasashen Mirya, Magarya da Matamai. Suka ga itatuwa sun ƙaru a cikin gonaki, musamman gawo. Manoma ne suka bar tsiro ya girma. Wannan aikinmu ne, kuma hoto ya shaida shi.

ABIN DA TASWIRA BA TA IYA YI

Kada mu ɗora wa taswira kayan da ya fi ƙarfinta.

Hekta 1 mita 100 ce a tsaye, mita 100 a kwance. A taswirar 1/200.000 ba ta kai ƙwayar hatsi ba. Saboda haka taswirar nan ba ta nuna gonar kowa. Tana nuna gulbi, tabki da fadama. Ba ta cewa wane ne mai gona.

Ba ta nuna ƙaramin tudu ko ƙaramin kwari. Bambancin mita 1 ko 2 ba ya fitowa a cikinta. Alhali mita 1 ita ce ke raba gidan da ruwa ya ci da wanda ya tsira.

Masu zanen baƙi ne. Wani suna sun ji shi ba daidai ba. Wani ƙauye sun mance shi. Wani kuma ya tashi daga inda yake. Taswira hoton rana ɗaya ce. Shi ya sa sai an haɗa ta da sanin dattawa. Dattijo ya ce: ruwan shekara kaza ya kai gindin tsamiyar can. Taswira ta nuna shuɗi a wurin. In shaidu biyu sun haɗu, sai a yarda.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

1. Mu zana taswirar garinmu. A taru a fili, maza da mata, manoma da makiyaya. A fara zanawa a ƙasa da kara. A sa gulbi, tabki, rijiyoyi, burtali, mashaya da maƙabarta. In kowa ya yarda, wanda ya iya rubutu ya kwafe a takarda. A rubuta sunayen wurare da Hausa. A rubuta rana, wata da shekara.

2. Mu tambayi tsofaffi tun suna da rai. Ina ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa? Ina tsohuwar hanyar gulbi? A zana amsarsu da zare shuɗi.

3. Mu nemi ganin tsohuwar taswira. Malamin gona, ma'aikatan gandun daji da ma'aikatan ruwa suna aiki da taswira. Mai gari yana iya roƙonsu su zo da ita, a gwada ta da tamu.

4. Kada a gina ɗaki ko rumbu a inda zare shuɗi ya bi, ko da wurin ya yi shekara 30 a bushe. A yi noma a wurin in doka ta yarda, amma a kwana a kan tudu, a ajiye hatsi a kan tudu.

5. Mu tsare bakin gulbi. A bar gamba da itace a gefensa. A jera duwatsu a gangara, su bi tsayi ɗaya kamar zoben tabki. Ruwa zai rage gudu, laka za ta zauna a gona.

6. Mu lura da kanwa. In farin gari ya soma fitowa a bisa ƙasar garka, a faɗa wa malamin gona da wuri.

7. Mu rubuta gonakinmu. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta yarda da gonar gado, kamar yadda ta yarda da gonar takarda. Ita ta kawo hukumar gonaki da ake kira KOFO. Mirya tana cikin wuraren farko da aka kafa ta, a 1994. Hukumar tana ba da takardar shaidar gado, saye, kyauta, aro, haya da jingina. In iyakar gonarka gulbi ce, kada ka dogara da shi kaɗai. Ku kafa wata alama a kan tudu, kai da maƙwabcinka, a gaban shaidu, a rubuta ta.

8. Mu tuna cewa gulbi, tabki, burtali da mashaya na jama'a ne. Tabki ya ƙafe bai zama na mutum ɗaya ba. Ranar da ruwa ya komo, dabbobi za su nemi hanyarsu ta da. In an bar musu ita tun yanzu, an kashe faɗan gobe. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. A taswirar 1/200.000 an auna santimita 7 tsakanin gari biyu. Kilomita nawa ne a ƙasa?

2. Mene ne bambancin zare shuɗi mai yanke-yanke da wanda bai yanke ba?

3. Don me taswirar shekarun 1950 take da amfani ga mai son gina gida yau?

4. A garinku, waɗanne gonaki ne ruwa ke kwance a wurinsu a da? Wa ya san labarinsu?

5. In gulbi ya canza hanya tsakanin gona biyu, yaya kuke raba gardamar a garinku?

Ajin da ya zana taswirar garinsa ya yi kwafi biyu. Ɗaya a ba mai gari ya ajiye. Ɗaya a rataya a aji, a riƙa gyara ta bayan kowace damina. Taswirar da kuka zana bana ita ce tsohuwar taswirar jikokinku.